Tambaya da Amsa: Mai Zane da Gidajen Gahawa na Tsohon Birnin Istanbul

Wasiƙun da suka shigo filin zane a wannan karon sun taru ne a kan birni guda, Istanbul na ƙasar Turkiyya, wanda magabata ke kira Santambul. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna. Sunayen Turkanci mun bar su da rubutunsu don su yi amfani wajen bincike: ç ɗinsu shi ne c namu, c ɗinsu j ne, ş kuma sh.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni aikin zana hotuna 12 na wani littafin yara da labarinsa ke faruwa a gidan gahawa a Istanbul. Marubucin cewa kawai ya yi "a zamanin da". Na tara hotuna sun fi ɗari a wayata, amma na rasa ta inda zan kama. (Wata mai zane daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗan ajiye hotunan nan tukuna, ki koma wurin marubucin da tambaya biyu: wace shekara, kuma wace unguwa? Gidan gahawa a Istanbul ya haura shekara 450, kuma kusan duk abin da za ki sa a hoton, tun daga hular da ke kan mutum har abin da ke cikin finjalinsa, shekarar ce ke yanke shi. Hotuna ɗarin nan, in kika duba da kyau, za ki tarar wani na 1850 ne, wani na 1950, wani na bara. In aka zuba su a tukunya ɗaya, hoton zai yi kyau a ido, amma babu ranar da birnin ya taɓa kasancewa haka.

Ibrahim Peçevi, marubucin tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya ce wasu mutum biyu daga ƙasar Sham, Hakam na Halab da Shams na Dimashƙa, su suka buɗe gidajen gahawa na farko a unguwar Tahtakale wajen 1555, zamanin Sarki Sulaiman. Taba ba ta iso ba sai farkon shekarun 1600, don haka hoton 1570 babu lofe, babu hayaƙi. A 1633 Sarki Murad na Huɗu ya rufe gidajen gahawa ya kuma hana taba, sai daga baya suka farfaɗo.

Sai abin da ke ka. Kafin 1829 rawani ne, kuma girmansa da naɗinsa na faɗin ko wane ne mutum. A shekarar Sarki Mahmud na Biyu ya ɗora wa ma'aikatan gwamnati jar dara, ta bazu cikin gari, malamai suka ci gaba da rawaninsu, masu aikin ƙarfi da yawa kuma suka riƙa naɗa ƙyalle a jikin darar. A 1925 dokar hula ta sabuwar Jamhuriyar Turkiyya ta kawar da dara, aka koma malafar Turawa da hana-salla. Allunan shaguna da haruffan Larabci ake rubuta su har zuwa ƙarshen 1928, lokacin da aka koma boko.

Babban ramin da masu zane ke faɗawa shi ne shayi. Yau ko ina mutum ya juya ƙaramin kofin gilashi ne mai siririn ƙugu cike da jan shayi, har ya ɗauka haka aka gada. Alhali noman shayi a yankin Rize, gaɓar Bahar Aswad, a zamanin jamhuriya ya kankama, masana'antar sarrafa shi ta farko a can kuma a 1947 aka buɗe ta. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu shan shayin da ake shigowa da shi daga waje, amma bai ture gahawa ya zama abin shan kowa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya ɗora wannan kofin a gaban mai rawani na 1700 ya haɗa abubuwan da shekara 200 da ɗoriya ta raba.

Unguwa ma haka. A Tahtakale da Eminönü 'yan kasuwa ne da 'yan dako da matuƙa kwale-kwale. A tsallaken ruwa, kan babban titin Pera, wanda yanzu ake kira İstiklal, gidajen kek ne irin na Turai masu teburan marmara da madubai, allunansu da Faransanci da Girkanci da Armeniyanci, mata da maza na zama tare. Gidan gahawar unguwa kuwa na maza ne zalla, mata a gida suke shan tasu, ko a gidan wanka. Idan jarumar littafin yarinya ce, wannan zai shafi labarin kansa, gara marubucin ya sani tun ran gini.

Ki ɗauki takarda guda ki rubuta shekara, unguwa, lokacin shekara da lokacin yini a samanta. Ki raba ta gida biyu, "akwai" da "babu", ki manna ta a gaban teburinki. Idan marubucin ya bar miki zaɓi, shawararmu ki tsaya tsakanin 1890 da 1910. Akwai hotunan kyamara masu yawa, akwai taswira, kuma dara da rawani da gahawa duk suna nan da ransu.

Tambaya: Ni ɗalibin zane ne, ba ni da halin zuwa Turkiyya. In na rubuta sunan birnin a intanet, hotunan 'yan yawon buɗe ido kaɗai nake samu. Ina ake samun na da, kuma wanne zan yarda da shi? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, kalmar da kake nema da ita ce ke hana ka. Kafin 1930 yawancin Turawa Constantinople suke rubutawa, ko Stamboul, ko Péra, kuma da waɗannan sunaye aka ajiye tsofaffin hotunan. Ka haɗa su da "café turc". Da Turkanci ka gwada kahvehane, wato gidan gahawa, kıraathane, gidan gahawa mai jaridu da ya bayyana a tsakiyar ƙarni na 19, simitçi da bozacı, masu sayar da burodin simit da abin shan boza, da seyyar satıcı, wato mai talla. Ka shiga rumbunan kai tsaye: SALT Araştırma da Atatürk Kitaplığı na Istanbul, Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa, ɗakin karatun Majalisar Amurka, da tarin Pierre de Gigord na cibiyar Getty, mai dubban hotunan daular.

Kowane tushe da inda yake gaskiya da inda yake karkata. Na farko su ne ƙananan zane-zanen cikin littattafan fada. A 1582 Sarki Murad na Uku ya yi bikin kaciyar ɗansa Mehmed na sama da kwana 50, ƙungiyoyin masu sana'a suka yi jerin gwano a gabansa, kowa na aikinsa a kan keken da ake ja, har da masu burodi da masu gahawa. Littafin bikin, Surname-i Hümayun, yana fadar Topkapı, haka ma na bikin 1720 da Levni ya zana. A ɗakin karatu na Chester Beatty da ke Dublin akwai wani zanen cikin gidan gahawa na wajen 1600, cike da masu hira da masu wasa. Waɗannan masu zanen ba su damu da nisa da kusa ba, na baya da na gaba girmansu ɗaya, jera su ake yi sama da ƙasa. Kada ka ɗauki fasalin ɗaki daga wurinsu. Ka ɗauki launin tufa, naɗin rawani da siffar kayan aiki, a nan ba su da na biyu.

Sai zanen Turawa. Antoine Melling, wanda littafinsa ya kammalu a 1819, magini ne da ya daɗe a birnin, kuma zanensa na cikin wani gidan gahawa a Tophane abin dogaro ne wajen tsarin gini. Thomas Allom na 1838 ya fi son ɗaga rufi da ƙara ado, ka rage masa. Amadeo Preziosi ya zauna a birnin kusan shekara 40 har rasuwarsa a 1882, shi ne gwanin masu talla da zaman bakin titi. Ka tuna cewa yawancin irin waɗannan zane a Paris ko Landan aka sassaƙa su a farantin ƙarfe don bugawa, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin wurin ba, don haka ƙananan kaya kan sauya kama.

Kyamara ma tana da nata. Kundayen da Sarki Abdulhamid na Biyu ya aika Amurka, hotuna 1,819 a kundi 51, makarantu ne da barikoki da masallatai, abin da sarki ke so a gani. Suna da amfani wajen gini da kayan ma'aikata, amma da ƙyar ka ga mai talla. Hotunan masu talla na gidajen hoto irin su Sébah & Joaillier da Abdullah Frères kuwa da yawansu a ɗaki aka shirya su don sayar wa baƙi. Alamar ita ce bango mai fenti a baya, ko kujera ɗaya da ke ta maimaituwa a hotuna daban-daban. Kayan hannun mai tallar na gaske ne, tsayuwarsa ce ta shiri. Launin da ke kan tsofaffin katunan gidan waya kuma daga baya aka ƙara shi, kada ka gina komai a kansa.

Abin da masu zane suka fi mantawa da shi taswirar kamfanonin inshorar gobara ce, ta Goad daga 1904 zuwa 1906 da ta Pervititch daga 1922 zuwa 1945. Gida-gida suke nunawa, rawaya ginin katako, ja ko ruwan hoda ginin dutse da bulo, tare da yawan benaye. Da ita za ka san faɗin lungu da abin da ake hange ta taga. Don sanin abin da ake ci, akwai bayanin matafiyi Evliya Çelebi kan jerin gwanon masu sana'a na 1638, da kundin ƙayyade farashi na 1640, da littafin girki na farko da aka buga da Turkanci, Melceü't-Tabbâhîn na Mehmed Kâmil, a 1844.

Ƙa'idar da muke ba ɗalibai: kada abu ya shiga zanenka sai ka gan shi a tushe biyu da ba su kwafi juna ba, waɗanda ba su wuce shekara 20 daga shekararka ba. Kowane hoto ka sa masa suna da shekara, unguwa, abin da ke ciki da inda ka samo shi. A Turkiyya haƙƙin mallaka na kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, saboda haka hotunan Ara Güler, shahararren mai ɗaukar hoton Istanbul wanda ya rasu a 2018, na kallo ne da koyo, ba a kwafe su layi-layi a sayar.

Tambaya: Ina zana labari mai hotuna. Na zana gidan gahawa na 1800 da tebura da kujeru a jere, wani ya ce min ba haka ba ne. Yaya cikinsa yake? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Gaskiya ya faɗa maka, Malam. Tebur da kujera mai jingina a cikin ƙarni na 19 suka shigo a hankali. A 1800 zaman a jikin bango yake: dakalin katako mai faɗi da ake kira peyke ya zagaye ɗakin, an shimfiɗa masa tabarma ko darduma, mutane sun tuɓe takalma a ƙasa sun hau sun tanƙwashe ƙafa. Ka zana takalman nan a jere a ƙarƙashin dakalin, su kaɗai sun isa su gaya wa mai kallo irin zaman da ake yi. Tsakiyar ɗakin fili ne, a manyan gidaje da ɗan tafkin marmara mai feshin ruwa. A kusurwa ɗaya murhu yake, da rumfar hayaƙi mai tsini a kansa, gefensa kantoci na finjalai da tukwanen gahawa da ma'ajin dogayen lofe. Lofen nan, çubuk, sandarsa kan wuce mita guda, kan lofen na ƙasa a kan ɗan faranti, mai shan na zaune a sama. Akwai kusurwar manya, wadda ta ɗan ɗara sauran tudu, inda dattawan unguwa ke zama. Tagogi manya ne a jere, hasken rana na shigowa ta gefe, da dare kuma fitilun mai ne ke rataye. A waje, ƙarƙashin inuwar itace ko rumfar inabi, gajerun kujeru ne marasa jingina masu saƙar igiya.

Kada ka cika ɗakin da masu shan gahawa kawai. A gidaje da yawa wanzami na aikinsa a gefe, da tasarsa da tawul a rataye. Wasu na buga tavla a akwatin katako mai buɗewa biyu, wasu na wasan ƙwaya a allo mai gurabu da ake kira mangala. A dararen azumi mai ba da labari, meddah, kan hau kujera mai tudu, sanda a hannu, ƙyalle a kafaɗa, da su yake sauya kama daga wannan mutum zuwa wancan. Ko kuma a kafa farin labule da fitila a bayansa don wasan inuwa na Karagöz. Ka zaɓi ɗaya ya zama inda idon kowa ke kallo, sauran su zama gefe.

Tambaya: Da fentin ruwa nake aiki. Finjalin gahawa na fito min kamar kofin shayin gida, shayin kuma kamar zoɓo. Me nake yi ba daidai ba? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Malama, gani ya kori ji. Ki dafa abin da kanki ki ajiye a gabanki, za ki ga abin da hoto ba ya nunawa.

Tukunyar gahawar sunanta cezve: gindi mai faɗi, wuya matsattse, baki mai ɗan buɗewa da leɓen zuba a gefe, da doguwar mariƙa da ta ɗaga sama. Ta gargajiya jan ƙarfe ce, cikinta an shafe shi da kuza, don haka bayanta ja-ja, cikinta ruwan toka mai ƙyalli. Wuyan nan shi ke tara kumfa, in kika zana ta miƙe kamar gwangwani ta tashi daga cezve. Ki auna ruwan sanyi cikin finjali guda, wato mililita 60 zuwa 70, ki zuba garin gahawa kimanin giram 7, ƙaramin cokali biyu a cike. Garin sai ya yi laushi kamar fulawa. Sukari tun yanzu ake sa shi, shi ya sa ake tambayar mai sha tun kafin a ɗora: sade babu sukari, orta matsakaici, şekerli mai zaƙi. Ki juya sau ɗaya, ki ɗora a wuta kaɗan, kada ki sake juyawa. Bayan minti biyu zuwa huɗu kumfa za ta haɗu ta fara tasowa daga gefe, ki sauke kafin ta tafasa, ki zuba a hankali ta jikin finjalin. In ta tafasa kumfar ta watse, in wuta ta yi yawa ta taso kafin garin ya saki.

Yanzu ki duba. Saman ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne mai haske kamar soyayyar gyaɗa, da ƙananan ƙwayoyin kumfa sun taru a gefe, da wani siririn zobe mai duhu inda ya taɓa tangaran. Ki fara da shafi mai ruwa-ruwa, ki bari ya bushe sarai, ki ɗiga duhun da bakin buroshi. Babu madara, babu cokali a gefe tunda sukarin ya riga ya dahu a ciki. Cokalin nan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Abin rakiyar yau shi ne ƙaramin kofin ruwa da gutsuren alewar lokum. Finjalin kansa tsayinsa santimita 5 zuwa 6 ne, ki gwada shi da yatsun hannun da ke riƙe da shi. Kafin ƙarni na 19 ba shi da mariƙa, ana ɗora shi ne a cikin wani mazauni na ƙarfe mai ƙafa, zarf, mai kama da mazaunin dafaffen ƙwai, don kada ya ƙona hannu.

Shayin kuwa launi ɗaya kika shafa, shi ya sa ya zama zoɓo. Turkawa na kiran launin da suke so "jinin zomo", ja ne mai garau da haske ke ratsawa. Ki fara da rawaya mai ɗan ruwan goro a duk jikin shayin, ya bushe, sannan ja mai ruwan ƙasa a sama da ƙasa inda kofin ya fi faɗi. A ƙugu ruwan ya fi ƙaranci, don haka can ya fi haske. Ki bar siraran layuka biyu na farar takarda a tsaye don ƙyallin gilashi, ki sa ɗan ja a cikin inuwar da ta faɗa kan farantin. Ba a cika kofin har baki, ana barin kamar faɗin ɗan yatsa, "rabon leɓe" suke ce masa, kuma ta nan ake riƙe shi da yatsa biyu tunda ba shi da mariƙa. A nan akwai ƙaramin cokali da ƙwayar sukari ɗaya ko biyu a gefen faranti. Butar hawa biyu ce, ruwa a ƙasa, ganye a sama yana jiƙa kamar minti 15. Yaron da ke kai shayi shaguna da tire mai hannuwa uku yake ɗauka, sun haɗu a zobe ɗaya a sama, yana lilo da shi bai zube ba.

Game da siffa: bakin kofi da gindinsa da faranti duk da'ira ce a kwance, kuma wadda ta fi nisa ƙasa da idonki ita ta fi buɗewa. In kika yi gindin a miƙe kamar layi, kofin zai yi kamar an yanko shi an manna.

Tambaya: Kalanda nake shiryawa mai shafi 12, kowane wata da abincin titi na Istanbul. Ina gudun kada in sa abu a watan da ba nasa ba. (Wani mai ɗab'i daga Kumasi)

Amsa: Madalla da ka yi tunanin wannan, Malam, don mutanen birnin da abinci suke gane lokaci. Wanda ba ya yankewa duk shekara shi ne simit, ka ba shi kowane wata. Zoben burodi ne da faɗinsa ya kai tafin hannu a buɗe, an murɗa igiyar ƙullu biyu, an tsoma a ruwan 'ya'yan inabi da aka dafa har ya yi kauri kamar zuma, an birkiɗa a riɗi, an gasa. Wannan tsomawar ce ke ba shi duhu, don haka kada ka yi shi fari, kuma murɗin ya fito. Mai yawo da shi kan jera shi hawa-hawa a faffaɗan katako bisa gammo, na zaune kuma a jar amalanke mai gilashi, wadda ta zamanin nan ce.

Sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, na boza ne da salep da gasasshen kestane, wani ɗan itace mai ɓawo. Boza ba baƙo ba ne a gare mu, da gero ake yi, ya fi kunu kauri, launinsa fari mai ratsin rawaya, da ɗan tsami. A kofin gilashi ake zuba shi, a barbaɗa kirfa, a watsa wani zagayayyen gasasshen wake da ake kira leblebi. Mai tallarsa da dare yake bin lunguna da tulun ƙarfe yana kira, shagon Vefa kuwa tun 1876 yake sayar da shi. Salep da zafi ake sha, madara ce da garin saiwar wani furen daji, fari fat da kirfa a kai. Dafaffiyar masara da kankana na watannin zafi ne, Yuni zuwa Agusta. Kifi ya fi yawa daga Satumba, domin manyan jiragen su a hane suke daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba. Palamut da lüfer na kaka ne, ƙananan hamsi na tsakiyar sanyi.

Azumi na zagayawa, sai ka duba watan da ya faɗa a shekarar kalandarka. Alamarsa layin mutane a ƙofar gidan burodi dab da magariba suna jiran pide, faffaɗan burodi zagayayye mai zanen raga, da riɗi da habbatus sauda a kai. Sama kuma rubutun fitilu ne da ake ratayawa tsakanin hasumiya biyu, mahya, wanda a da fitilun mai ne. Sai masallaci mai hasumiya biyu ko fiye yake ɗaukarsa.

In wani shafin na tarihi ne, jan tumatir bai zama ruwan dare a girkin birnin ba sai a ƙarni na 19, musamman ƙarshensa. Cin abinci a gida kuma a kan babban tire zagayayye ne, sini, bisa gajeriyar ƙafa, da cokali da hannu.

Tambaya: Zan iya dogara da fina-finan tarihi na Turkiyya da ake fassarawa, ko hotunan da manhajar waya ke ƙirƙirowa? (Wani matashi daga Jos)

Amsa: Don jin yanayi da motsin jiki, fim na taimakawa. Don hujja, a'a. Masu shirya fim na zaɓar tufa da kaya ne don su yi kyau a fitila, suna kuma juya kayan ado iri ɗaya a zamani daban-daban. Manhaja kuwa cakuɗa Istanbul da Alƙahira da Marrakesh take yi, ta ƙirƙiro haruffan da ba sa karantuwa. Misali ɗaya: jan taragon titin İstiklal an cire shi a 1961, sai 1990 ya dawo, gadar Galata ta yanzu kuma a 1994 aka kammala ta bayan gobarar da ta ci ta 1912 a shekarar 1992. Manhaja za ta ba ka su duka a hoton 1975 ba tare da ta yi maka gargaɗi ba.

Tambaya: Nakan je saro kaya a Laleli, ina kuma taɓa zane. Wannan karon ina da yini ɗaya da ba ni da aiki. Yaya zan ci moriyarsa? (Wani ɗan kasuwa daga Katsina)

Amsa: Alhaji, inda kake sauka ya rage maka rabin aiki, da ƙafa za ka yi tafiyar. Ka fita da sassafe zuwa Vefa, ka wuce masallacin Süleymaniye, ka gangara Tahtakale inda abin ya faro. A ƙasa za ka tarar da layin Tahmis, hancinka zai kai ka shagon Kurukahveci Mehmet Efendi, wanda ke niƙa gahawa tun 1871, jikin kasuwar kayan yaji ta Mısır Çarşısı da aka gina a shekarun 1660. Gaba kaɗan shagon alewar Hacı Bekir yake a Bahçekapı. Ka haye gadar Galata, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tünel, mai aiki tun 1875, ya kai ka İstiklal. Ka guji Lahadi, babbar kasuwar birnin, Kapalıçarşı, a rufe take. Fadar Topkapı, inda ɗakunan girkin sarakuna suke, ba ta buɗewa ran Talata.

Ƙaramin littafin zane mai shiga aljihu ya isa, da fensir mai laushi da alƙalamin da tawadarsa ba ta narkewa a ruwa. Kada ka tsaya fenti a titi, ka rubuta sunan launi a gefe da kibiya. Kowane wuri minti 20: biyar don fasalin wurin gaba ɗaya, sauran don abu guda a kusa, kamar hannun mai shayi a kan buta. Ka ajiye biro ko katin shiga mota kusa da finjali ka ɗauki hoto, shi ne ma'auninka in ka dawo gida. Ka fara sayen shayi, ka gai da mai wurin da "Kolay gelsin", wato sannu da aiki, sannan ka nuna littafin ka ce "Çizebilir miyim?", ko zan iya zanawa. Wanda ya ƙi, ka bar shi, mata kuwa kada ka ɗauke su hoto sai da izini.

Allunan shaguna ka kwafe su harafi-harafi. ÇAY na da ƙugiya a ƙarƙashin C, SİMİT na da ɗigo a kan manyan İ biyu, KIRAATHANE ba shi da ɗigo. Na tsohon rubutu da ke kan ƙofofin kasuwa da famfunan dutse, karatun allo zai taimake ka ka bi layin alƙalamin, amma harshen Turkancin daular ne. Ka ɗauki hotonsa a miƙe daga gaba, ka sake ɗauka daga gefe lokacin da rana ta karkata, don inuwa ta fito da zurfin sassaƙar.